A Gajarta Wa Malaman Kurame Da Makafi Hanyar Karatu, Amma Da Sharaɗi

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan yaranmu kurame da makafi na ƙasar Maƙarfi da Ikara da Kudan, da kuma malaman da ya kamata a ce suna koyar da su.

Jama'a, kowa ya san yadda abin yake. Yaro zai kwanta ciwon sanƙarau ko ƙyanda, Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma ya tashi ba ji ko ba gani. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum sama da dubu ɗari a ƙasar nan, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rayu sun kurmance. Idan an kai irin wannan yaro firamare, malam na magana shi yana kallon allo kawai. Bayan zango ɗaya ko biyu sai uban ya ce ba amfani, ya cire shi. Daga nan sai gonar rake, ko dako a kasuwa, ko kuma ƙoƙon bara. Ba laifin malam ba ne, ba a koya masa maganar hannu ba, bai kuma taɓa riƙe takardar rubutun makafi ba.

Doka kam tana nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro ya yi karatun shekara 9 kyauta kuma dole. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi. To amma doka ba ta shiga aji ta ɗauki alli. Akwai makarantar masu buƙata ta musamman a cikin garin Kaduna, akwai ta Tudun Maliki a Kano, akwai kuma ta makafi a Gindiri wadda aka buɗe tun 1953. Sai dai manomi nawa ne a Gubuci ko Hunkuyi zai iya ɗaukar ɗan shekara 7 ya kai shi kwana wani gari mai nisa? Balle in mace ce.

Yanzu mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Yaro ya gama sakandare yana son wannan aiki. Zai yi shekara 3 a kwalejin horon malamai kafin ya sami NCE, kuma kwalejin tarayya da aka keɓe domin wannan fanni tana can Oyo, an kafa ta a 1977. Daga nan ya shiga jami'a, galibi wasu shekara 3. Sai hidimar ƙasa shekara 1, domin yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar mutum digiri na biyu sai da takardarta. Sai digiri na biyun, shekara ɗaya da rabi zuwa 2. Ka ga an tasar wa shekara 9 ke nan, ban da yajin aiki, wanda a 2022 kaɗai ya ci wata 8. Kurman da yake aji ɗaya ranar da malamin ya fara karatu, ya wuce shekarun firamare kafin ya gama. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A Amurka, inda su ma suke kukan ƙarancin irin waɗannan malamai, jami'o'i da dama sun fito da wata dabara. Ɗalibi mai ƙwazo da ke karatun digirin farko, tun yana shekarar ƙarshe ake ba shi damar fara ɗaukar darussan digiri na biyu, a lissafa masa su a ɓangarorin biyu. Da ya gama shekara 4 sai ya ƙara 1, ya fito da digiri biyu a shekara 5. An rage masa lokaci, an rage wa iyayensa kuɗi. Ni a ganina babu abin da zai hana Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, waɗanda suke da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, su nemi izinin Hukumar Kula da Jami'o'i su gwada haka. Ga kuma dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri da kansu, wadda ita ma za ta iya rage wa mai NCE yawo.

Wani zai ce, me ƙauye zai yi da mai digiri na biyu? Amsa ita ce, ba kowane aji ne yake buƙatarsa ba. Amma kowace ƙaramar hukuma tana buƙatar ko da mutum biyu ko uku da suka ƙware sosai, waɗanda za su iya duba yaro su gane kurumta ce ke damunsa ko taɓin ƙwaƙwalwa, su kuma zagaya suna horar da malaman firamare da muke da su. Gwani ɗaya zai iya gyara hannun malamai masu yawa.

Sai dai fa sauri kan haifi nawa, saboda haka ga sharuɗɗan da nake gani.

Na farko, a rage zaman jira, kada a rage zaman aji. Maganar hannu harshe ce, ba a iya ta da karatun takarda, sai an zauna da masu ita. Kuramenmu na ƙasar Hausa ma suna da tasu maganar hannun tun kaka da kakanni, wadda ta sha bamban da irin ta Amurka da ake koyarwa a makarantu. Malamin da bai san ta gida ba, ta yaya zai fara da yaron ƙauye? Haka rubutun makafi mai ɗigo 6, wanda wani makaho Bafaranshe, Louis Braille, ya ƙirƙiro, sai yatsa ya saba. Shekarar da aka ƙara, a yi rabinta a gaban yara.

Na biyu, a ɗauki 'ya'yanmu na nan. Ƙananan hukumomin Maƙarfi da Ikara da Kudan su zaɓi samari da 'yan mata, har da kurame da makafin da suka gama sakandare, su biya musu kuɗin makaranta.

Na uku, kuma shi ne babba, a yi yarjejeniya a rubuce cewa duk wanda aka ɗauki nauyinsa zai dawo ya yi aiki a ƙauyukanmu adadin shekarun da aka biya masa. In ba haka ba, mun gina wa mutum tsani ne ya haye ofis a Kaduna ko Abuja, mu a bar mu da kallo. Ita ma gwamnati ta cika nata alkawarin: albashi a kan kari, da alawus na zaman karkara, da kayan aiki. Ba a ɗaure akuya a hana ta dusa.

Daga ƙarshe ina kira ga iyaye, don Allah a daina ɓoye yaran nan a ɗaka. A kai sunayensu wurin mai unguwa da hedimasta, domin hukuma ba ta turo malami inda ba ta ga adadi ba. A kuma riƙa kai yara rigakafi. Hakimanmu da dagatai da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su taya mu tuna wa 'yan majalisarmu wannan magana, tun kafin lokacin kamfen ya zo.

Naƙasa ba kasawa ba ce. Allah Ya sa waɗanda abin ya shafa su ji, su kuma aikata, amin.

Naku,
Mai Kishin Karkara,
Gubuci, Ƙaramar Hukumar Maƙarfi,
Jihar Kaduna.