Sharhi: Tallafin Kuɗi Ya Zo Kafin Rumbu Ya Ƙare

 

Duk manomin da ke kwarin Rima ya san halin watan Agusta. Gero bai nuna ba, shinkafa na cikin ruwa, rumbu kuwa an kai ga shara. A lokacin ne maigida ke barin ciyawa a gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani don a ɗora tukunya. A lokacin ne ake jan akuyar uwargida zuwa kasuwa, ko a karɓi kuɗin ɗan kasuwa bisa sharaɗin biya da buhu idan kaka ta yi, a farashin da shi ya yanka. Talaucin baɗi a wannan watan ake shuka shi.

Wasu na cewa idan ka ba talaka kuɗi a hannu, lalaci ka koya masa. To, a jiharmu ta Kebbi aka gwada. Tsakanin 2015 da 2017, ƙungiyar agaji ta CRS, da kuɗin gwamnatin Amurka, ta ba matan gidaje mafiya talauci a ƙauyukan Birnin Kebbi da Danko/Wasagu naira 75,000 kowacce cikin wata 15. Wasu na karɓar 5,000 duk wata, wasu 15,000 duk wata uku. Da masu bincike na Bankin Duniya suka bi diddigi, sai suka tarar abinci ya ƙaru a gidajen, an sayi dabbobi, matan kuma sun ƙara shiga sana'a. Wadda ta samu jarin gyaɗar ƙuli-ƙuli ko shinkafar da za ta turara ta sayar, ba zama ta yi ba, tashi ta yi.

Gwamnatin tarayya ma ta bi wannan hanya. Tun 2016 ta fara ba gidajen talakawa 5,000 a wata, daga baya aka zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Switzerland ta dawo da su. A Oktoban 2023, bayan cire tallafin fetur, Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da 25,000 a wata na tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15. Ba a je ko'ina ba, a Janairun 2024 aka dakatar da shirin saboda zargin karkatar da kuɗi, sai daga baya aka ci gaba.

A nan gizo ke saƙa. Yunwa ba ta jiran a kammala bincike a Abuja. Kuɗin da bai zo ba sai bayan an sayar da akuya, an ci bashi a kan hatsi, ihu ne bayan hari. Kuɗin da ba a san ranar zuwansa ba kuwa, ba a ƙulla adashi da shi, ba a sayen taki da shi, ba a lissafa man injin ban ruwa na noman rani da shi. Sannan tsohuwar da ba ta da lambar NIN ko asusun banki, wadda sai ta biya kuɗin babur ta zo gari, mai POS ya cire nasa, me ya rage mata?

Kada kuma a haɗa tallafi da rance. Shirin Anchor Borrowers da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 bashi ne, kuma ambaliyar 2020 ta nuna mana yadda ruwa ke tafiya da shinkafa ya bar manomi da bashin.

Kiranmu ga hukumomi shi ne: a tsayar da ranar biya, a sanar da ita a rediyo, a fi ba da ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba. A karanta sunayen masu karɓa a ƙofar hakimi kowa na ji. A kai rajista ƙauye, a damƙa kuɗin a hannun uwargida. Ku kuma magidanta, idan ya shigo, ku bar mata jarinta ya yi albarka.