Kuskuren da ba ya ihu a kundin Excel

Kusan duk ofishin da ake lissafin kuɗi da Excel yana da wani kundi da kowa ke tsoron taɓawa. Shafukansa sun kai talatin ko arba'in, ya bi ta hannuwa da yawa, wanda ya fara gina shi kuwa ya daɗe da barin aiki. Ranar da alamar #REF! ko #NAME? ta bayyana a shafin jimla, sai hankali ya tashi, a shiga neman wanda zai kawar da ita kafin shugaba ya gani. Alhali kundin da ya nuna alamar kuskure ya yi wa mai shi alheri, domin ya yi gargaɗi. Abin tsoro shi ne sunan da ya daina nuna inda ya kamata, amma ya ci gaba da ba da adadi kamar komai lafiya.

Excel yana ba mutum damar laƙaba wa gurbi ɗaya ko jerin gurabe suna. Maimakon fomula ta ce a tara daga D2 zuwa D500, sai ta ce a tara Albashi, kowa ya karanta ya gane. Sai dai abin da irin wannan sunan yake riƙe da shi adireshi ne kawai, adireshi kuwa yakan tsufa.

Kurakuran da ke bayyana a fili ba su da wuyar magani. Alamar #NAME? tana nufin Excel bai san sunan ba: ko an yi kuskuren harafi wajen rubuta shi, ko wani ya share sunan. Alamar #REF! tana nufin sunan yana nan, amma an cire layukan ko shafin da yake nunawa. Danna Ctrl da F3 yana buɗe akwatin kula da sunaye, wato Name Manager, inda ake ganin kowane suna da adireshinsa, har da matatar da ke ware masu kuskure kaɗai. Aikin 'yan mintoci ne.

Macijin ƙaiƙayi yana wani wurin. A ɗauki sunan Albashi da ya tsaya a layi na 500. Idan aka cusa sabon layi a tsakiya, Excel yakan faɗaɗa adireshin da kansa. Idan kuwa aka ɗauki sababbin ma'aikata ashirin aka rubuta su a ƙasa, daga layi na 501, sunan yana iya tsayawa inda yake. Jimla za ta fito babu wata alama, amma albashin mutum ashirin ba ya ciki.

Irin wannan gajarta ta taɓa shiga muhawarar tattalin arzikin duniya. A 2010, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, masana tattalin arziki a Amurka, suka wallafa binciken da ya nuna cewa bunƙasa kan durƙushe idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Masu goyon bayan tsuke bakin aljihu suka riƙa kafa hujja da shi. A 2013, wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya duba kundin nasu, ya tarar fomular matsakaici ta tsaya kafin ƙarshen jerin, ta bar ƙasashe biyar cikin ashirin a waje: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Ba wannan ne kaɗai aibin binciken ba, kuma adireshi ne tsurarsa babu suna a kansa. Idan har adireshin da ido ke iya gani ya kwashe shekara uku ba a lura da gajartarsa ba, ina ga wanda aka lulluɓe da suna mai daɗin karantawa?

Ciwo na biyu shi ne tagwayen suna. Kowane suna yana da huruminsa: ko dai kundin gaba ɗaya, ko shafi guda. Idan aka kwafi shafi, Excel yakan ƙirƙiri sababbin sunaye irin na asali, masu hurumin sabon shafin kaɗai, kuma a kan wannan shafin su ake fara saurara. Misalin bai da nisa. Ranar 1 ga Fabrairu, 2020, harajin VAT a Nijeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. Akantan da ya gyara gurbin da babban sunan Haraji yake nunawa zai ɗauka ya gama, alhali shafin da aka kwafa tun bara yana karanta nasa Harajin, mai kashi 5. A cinikin naira miliyan 10, giɓin naira 250,000 ne, kuma babu gurbi ko ɗaya da zai yi ƙorafi.

Akwai kuma sunan da ya biyo shafi daga wani kundi, ya ci gaba da nuna tsohon fayil a kwamfutar wani, yana ba da adadin da ya sani tun tuni. Haka nan wanda aka ƙirƙira babu alamar $ a adireshinsa yakan zame gwargwadon gurbin da aka kira shi.

Saboda haka ɗabi'ar naɗe kowace fomula da IFERROR, don kuskure ya koma sifili ko fili, ɓarna ce mai kama da gyara. Mai yin haka ya rufe bakin mai gadi ne don gida ya yi shiru.

Wasu ƙwararru sun yanke cewa a bar sunaye kwata-kwata, tunda suna ɓoye adireshi. Hujjarsu tana da nauyi, amma maganin ya wuce ciwon. Kundin da aka rubuta kashi 7.5 a fomula ɗari biyu ya fi wanda ke da suna ɗaya haɗari ranar da doka ta sake canzawa. Suna linzami ne. Laifin yana ga ofishin da ya sa linzamin ya saki.

Riƙonsa ba ya bukatar wata gwaninta. Jerin da ke ƙaruwa kullum, kamar albashi ko ciniki, a mayar da shi tebur da Ctrl da T, domin tebur yana tsawo tare da bayanansa. Sunaye a bar su ga abubuwan da ba su cika motsi ba, kamar haraji da farashin canji, a tara su a shafi ɗaya. Danna F3 a zaɓi Paste List yana zuba jerin sunaye da adireshinsu a shafi, wanda za a iya kwatanta shi da na watan jiya. Kafin a share suna, a bincika fomulolin kundin duka, a kuma leƙa jadawalan zane da ƙa'idojin tantance bayanai, inda binciken Ctrl da F ba ya kaiwa. A ƙarshen shafin jimla a ajiye gurbi ɗaya da ke kwatanta jimlar da suna ya bayar da wadda aka tara kai tsaye. Idan suka saɓa, ya nuna ja.

Abin da ya rage na shugabanni ne. Kundin da ake biyan albashi ko haraji da shi ya cancanci mutum guda da aka ɗora wa alhakinsa, da ranar da ake duba sunayensa kamar yadda ake ƙidayar kaya a sito. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shugaban da ya sa hannu a kan jimla don kawai bai ga #REF! ba, ya sa hannu ne a kan adireshin da bai taɓa dubawa ba.