WAI ISKA CE ZA TA WARKAR DA ITA?

Wannan karon ku yi mini afuwa, ba hirar soyayya na zo da ita ba, duk da dai soyayyar ce silar maganar.

Ina da wata ƙawa tun muna aji ɗaya a sakandare, ba zan kama sunanta ba. Saura sati uku bikinta aka fasa, har an kawo lefe. Da fari mun ɗauka kukan kwana biyu ne. Ina! Wata huɗu yarinyar nan ba barci ba cin abinci, kwalliyar da aka san ta da ita duk ta watsar, ko magana kika yi mata sai dai ta bi ki da ido. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce. Da ƙyar aka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ta a kan magani.

A nan dole in amsa laifinmu mu marubuta. A littafi jaruma za ta kwanta rai a hannun Allah, likita ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, ku ba ta wanda take so," shafi biyu ta miƙe garau. Wallahi a zahiri ba haka abin yake ba. Ciwo ne sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum kusan miliyan 280 ke fama da shi, kuma mu mata ya fi kamawa.

Ran nan na je duba ta, sai Ummansu ta ja ni ɗaki.

"Zauna 'yar nan, ke da kike karance-karance. Yayanku ya bugo waya daga Turai, wai akwai wani akwati da ake sa mutum a ba shi iska ya warke. Ni ko sarƙata ce sai in sayar. Ƙwayoyin nan kwana goma tana sha ban ga komai ba, na ce ta ajiye."

Gabana ya faɗi. Na ce, "Umma, don Allah ki ba ni kwana biyu." A raina kuwa na ce ikon Allah, jiya iska ce ta kama ta, yau kuma iska ce maganinta.

To, akwatin nan gaskiya ne akwai shi. Wani kamar doguwar kwalba yake, a kwantar da mutum ciki a rufe, wani kuma ɗaki ne guda mai ɗaukar mutane da yawa. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, a can kuwa zallarsa ake shaƙa, a kuma matsa iskar ciki ta ninka ta waje sau biyu zuwa uku. Matsin nan ne ke sa oksijin ya narke cikin ruwan jini ya isa inda da ba ya isa sosai. Zama ɗaya awa ɗaya da rabi ne ko biyu. An daɗe ana ceton rai da shi: masu nutso a teku da suka taso da gaggawa, wanda hayaƙin janareto ko na gawayi ya sumar a rufaffen ɗaki, da gyambon ƙafar mai ciwon suga da ya ƙi warkewa.

Batun damuwa fa? Masu bincike na zaton ƙarin oksijin zai iya rage kumburi a ƙwaƙwalwa, ya taimaka wa jijiyoyinta su farfaɗo. A Isra'ila an buga wani gwaji a 2022 kan tsofaffin sojojin da firgicin yaƙi ya bar wa tabo a zuciya, waɗanda aka sa a akwatin zama 60 kowannensu ya yi, an kuma ga sauƙi har a damuwarsu. Amma ba su kai mutum 40 ba. A ƙasar Sin ma an gwada shi kan masu shanyewar ɓarin jiki da damuwa ta biyo musu baya, galibi tare da ƙwayoyin asibiti, ba a madadinsu ba. Ku duba da kyau, duk cikinsu babu mai irin ciwon ƙawata. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ma tun 2013 ta ja kunnen jama'a, ta sa damuwa cikin cututtukan da ba ta amince a ce akwatin na maganinsu ba.

Ga shi ba a rasa haɗari. Yana iya taɓa dodon kunne, ido ya yi hazo na ɗan lokaci, wani har jijjiga yake yi. Oksijin kuwa abokin wuta ne. A Janairun 2025 irin akwatin nan ya kama da wuta a jihar Mishigan ta Amurka, yaro ɗan shekara 5 ya rasu a ciki. Allah sarki!

Ni dai ban ce ƙarya ba ne, wata rana ƙila ya tabbata. Abin da ya fi tsaya mini a rai ƙwayoyin da aka ajiye ne, don irinsu sai an yi sati biyu zuwa shida ana sha kafin a ga aikinsu, kuma ba a yanke su sai da sanin likita. Duk wadda kuma kuka ji ta fara cewa ta gaji da rayuwa, a ranar za ku kai ta asibiti, ba gobe ba.

Na koma na zayyana wa Umma komai. Ta yi shiru, can ta ce, "To 'yar nan, ke za ki raka mu." Muka koma wurin likitan, ya yi faɗa kaɗan, ya mayar da ita kan maganin, ya kuma sa mata ranakun zuwa su zauna su yi magana. Sarƙar tana nan cikin adaka. Yau sati bakwai ke nan, ban ce ta warke ba, amma shekaranjiya da na shiga ta kalli kaina ta ce, "Ke wa ya yi miki wannan mugun kitson?"