Guzurin Sabon Ɗan Fito

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro ba su sallami matafiyi ba sai da guzurin da ya dace da hanyarsa. Yau hanyar wasu 'ya'yanmu ruwa ce. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, Tafkin Volta ya shiga tsakanin Makango da Yeji, samarin zango kuma suna neman abinci a kwalekwalen fito.

Idan yaro zai fara wannan sana'a, mun saba haɗa masa waya ko shadda. Mu a ganinmu, rigar kariya daga nutsewa ce kyautar da ta fi cancanta. Ruwan ya haɗiye daji ne da itatuwansa a tsaye, kututturansu na nan ƙarƙashi suna fasa jirage, ga lodi fiye da ƙima. Wanda kifewar jirgi ta jefa nesa da gaɓa, ƙwarewar iyo ba ta isarsa.

Wasu za su ce ajali ba ya jin riga. Gaskiya ne, amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya rushe tawakkali.

'Yan'uwa na Yendi masu ƙetare Oti, da na Bawku da ke fama da cikar Farin Volta idan an buɗe madatsar Bagre, wannan magana ta shafe ku. Ku saya masa daidai jikinsa, mai usur, ku sa ya ɗaura ta a gabanku, sannan ku yi masa addu'a. Allah Ya fisshe su lafiya.