Jarumta Daban, Cin Zali Daban: Raddi Ga Masu Makokin Mazan Jiya A Wasan Ƙwallon Kwando

Duk wanda ya saba zama gaban talabijin domin kallon gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, ba zai rasa jin wani kuka da ya zama ruwan dare a bakin tsofaffin 'yan wasa da masu sharhi ba. Kukan kuwa shi ne wai maza sun ƙare, wai 'yan wasan yau ragwaye ne, da an ɗan gogi kafaɗarsu sai su zube ƙasa suna jiran alƙalin wasa ya rama musu. Wai a da, in mutum ya kuskura ya tunkari kwando sai ya tashi da haƙorinsa a hannu, wannan kuwa shi ne wasan maza. Abin bai tsaya a Amurka ba, domin kuwa mu ma nan mun sha jin samarinmu, waɗanda ko cikinsu ba a ɗauka ba a 1989, suna maimaita wannan magana kamar da su aka yi. To, shirun ya isa. Abin da muke cewa shi ne, masu wannan kuka sun cakuɗa jarumta da cin zali, suka ƙara da halaka jiki domin wani ya cika aljihunsa, sa'an nan suka laƙaba wa duka suna ɗaya.

Bari mu fara da gwanayensu, wato ƙungiyar Pistons ta birnin Detroit, wadda aka yi wa laƙabi da Miyagun Yara. A ƙarƙashin mai horar da su Chuck Daly, su Isiah Thomas da Joe Dumars da Bill Laimbeer da Dennis Rodman sun ɗauki kofi sau biyu a jere, a 1989 da 1990. Sanin kowa ne cewa sun yi wa Michael Jordan wani shiri na musamman da ake kira Dokokin Jordan, wanda gundarinsa shi ne a yi masa taron dangi, in kuma ya doshi kwando a kai shi ƙasa tun kafin ya tashi sama. Da wannan suka fitar da ƙungiyarsa ta Bulls ta Shikago daga gasa shekara uku a jere, 1988 da 1989 da 1990. Ba mu musun cewa a cikinsu akwai gwanaye. A karo na shida na wasan ƙarshe na 1988, Isiah Thomas ya yi targaɗe a idon sawu, amma yana ɗingishi ya ci wa Lakers maki 25 a zango guda na minti 12. Wannan kam ko maƙiyinsa ya sara masa. Sai dai ka saurari masu makokin nan da kyau, ya kai mai karatu, za ka ji ba wannan dare suke kewa ba. Gwiwar hannun Laimbeer suke kewa, da ƙarar faɗuwar mutum a kan katako.

To, yaya aka ƙare? Jordan bai je ya koyo naushi ba. Ya nemi mai horar da jiki, Tim Grover, ya rungumi ɗaga ƙarfe har jikinsa ya iya ɗaukar duka, ya kuma yi abin da ya fi wannan wuya ga mutum mai zuciya irin tasa, wato ya yarda da tsarin Phil Jackson na sakar wa abokan wasa ƙwallo. A 1991 Bulls ta lallasa Pistons sau huɗu ba ko ɗaya. Ana saura daƙiƙa 7.9 a tashi karo na huɗu, sai Isiah Thomas da Laimbeer da mafi yawan abokansu suka sulale daga fili, suka wuce ta gaban bencin Bulls ba tare da sun miƙa hannu ba. Mutanen da suka shekara uku suna koya wa duniya ma'anar taurin rai, ga shi sun kasa haɗiye kaye na daƙiƙa takwas. Ashe da gaskiyar masu iya magana da suka ce in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ko a fagen dambe, inda naushi shi ne sana'ar, da an yi kisa faɗa ya ƙare, ba a bin wanda ya faɗi da duka, shi kuma wanda aka kashe yakan karkaɗe ƙura ya jira wata rana. Jordan dai ya ci gaba ya tara kofi shida, daga 1991 zuwa 1993, da kuma daga 1996 zuwa 1998.

Akwai wata rana da masu yabon zamanin da ba su son a tuna musu. Ranar 9 ga Disamba, 1977, faɗa ya kaure tsakanin 'yan Lakers da 'yan Rockets ta birnin Houston. Rudy Tomjanovich na Rockets ya rugo a guje zuwa wurin, sai Kermit Washington ya juyo ya tare shi da naushi guda a fuska. Ƙasusuwan fuskarsa suka farfashe, muƙamuƙi da hanci suka karye, ƙoƙon kai ya tsage har ruwan ƙwaƙwalwa yana tsiyaya cikin bakinsa. Da ƙyar ya sha. Aka ci Washington tarar dala 10,000, aka dakatar da shi kwana 60, tabon kuma ya bi shi har bayan ya bar wasa. Ga inda hanyar da ake yi mana kirarinta take ɓullewa. Duk wata doka da hukumar NBA ta ƙara tsaurarawa daga baya a kan faɗa da mugun laifi, wadda masu makoki ke cewa ita ta mai da wasan na ragwaye, ba daga sama ta faɗo ba, jinin mutane ne ya rubuta ta.

Wani ikon Allah, wannan Tomjanovich ɗin shi ne ya zo ya zama mai horar da Rockets, ya ɗauki kofi a 1994 da 1995, kuma wanda ya ɗora shi a kafaɗa ya kai shi can ɗan ƙasarmu ne, Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas a 1963. A nan muke so mu ɗan zauna, domin a rayuwar mutum guda muna iya ganin fuskokin nan biyu, mu auna wadda ta fi nauyi.

Olajuwon ya fara ne da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi. Ya tafi Jami'ar Houston a 1980, a 1984 kuma shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa, Jordan ya zo na uku. A shekarunsa na farko an san shi da saurin fushi da saurin hannu. A 1986, a karo na biyar na neman zuwa wasan ƙarshe, alƙali ya kore shi daga fili saboda faɗa da Mitch Kupchak na Lakers, a daidai lokacin da ƙungiyarsa ta fi bukatarsa, sai da Ralph Sampson ya cece su da jifan ƙarshe. Bisa ma'aunin masu makoki, wannan Olajuwon shi ne namiji. Amma fa wannan Olajuwon bai taɓa ɗaukar kofi ba. Wanda ya ɗauka shi ne na baya, wanda ya natsu, ya koma ga addininsa, ya mallaki zuciyarsa, ake zungurinsa da gwiwar hannu ya mayar da martani da ƙafafu. Yakan yi kamar zai bi dama, ya karkaɗa kafaɗa ya bi hagu, ya bar ƙato yana lilo a iska. A 1994 shi kaɗai ya haɗa kambin gwarzon shekara da na gwarzon mai tsaro da na gwarzon wasan ƙarshe, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Abokan karawarsa kuwa a wannan shekara su ne Knicks ta Niyok, magadan Pistons a fagen murɗiya, har ta kai a karo bakwai ɗin da aka yi babu ɓangaren da ya kai maki 100 ko sau ɗaya. A ƙarshen karo na shida John Starks ya yi jifan da zai iya ba Knicks kofi, Olajuwon ya miƙa ya taɓa ƙwallon da kan yatsu ta kauce. Bai taɓa jikin mutumin ba. A Fabrairun 1995 kuwa, cikin watan azumi, yana wasu wasannin da baki a bushe, aka zaɓe shi gwarzon wata. Ya bar wasa da tarihin kaɓe jifa 3,830, wanda ya fi na kowa tun da aka fara ƙidayar. In wannan bai isa a kira shi jarumi ba saboda ya daina kai naushi, to muna so a gaya mana mene ne sunansa.

Kada kuma a ce masu zafin kai sun ƙare a wannan zamani. Suna nan, kuma muna ganin abin da suke jawowa. A Nuwamban 2004 Ron Artest na Pacers ya haura cikin 'yan kallo a filin Pistons yana dambe, aka dakatar da shi wasa 86, ƙungiyar da ake sa ran za ta nemi kofi ta wargaje. A 2016 Warriors ta ci wasa 73 cikin 82, tana gaba da uku da ɗaya a wasan ƙarshe, sai aka dakatar da Draymond Green karo na biyar saboda tarin miyagun laifuka, na ƙarshensu dukan da ya kai wa LeBron James a ƙasan mara. Daga nan kofi ya suɓuce.

Ba mu ce kukan nasu babu ƙamshin gaskiya ko kaɗan ba. Ɗan wasan da ke faɗuwar ƙarya domin ya yaudari alƙali abin kunya ne, haka nan wanda yake lafiya lau amma ya zauna a benci alhali talaka ya biya kuɗin shiga domin ya gan shi. Hukumar ma ta gane haka, shi ya sa a 2023 ta sa doka cewa sai ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65 kafin a ba shi manyan kambuna. Amma maganin lalaci shi ne zuwa aiki kullum, irin na A.C. Green da ya buga wasa 1,192 a jere daga 1986 zuwa 2001. Ina ruwan wannan da fasa wa wani baki? Bugu da ƙari, mai cewa wasan yau hutu ne bai lura da faɗin filin da ake tsarewa ba. A 1990 ƙungiya ba ta kai jifa 10 daga nesa, bayan layin maki uku, a wasa guda, daga 2019 kuwa abin ya haura 30. Ƙaton da a da yake tsaye gindin kwando yana jiran wanda zai make, yanzu dole ya bi ƙaramin yaro mai gudu har bakin layi, ya dawo, ya sake komawa, dare bayan dare.

Saura magana mafi ɗaci, wato yabon wasa da rauni. Kowane mai sharhi yana da labarin Willis Reed a baki, yadda a karo na bakwai na wasan ƙarshe na 1970 ya fito yana jan ƙafa da yagaggen naman cinya, ya jefa ƙwallo biyu na farko, Knicks ta doke Lakers. An yi haka, ba ƙarya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne maki huɗun nan su ne iyakar abin da ya ci a daren, Walt Frazier ne ya ci 36 ya kuma miƙa 19 aka jefa. Amma labarin mai ɗingishi ya fi daɗin bayarwa, da shi kuma aka yi ta auna na baya, ana tura su fili da guragun ƙafafu. Kevin McHale na Celtics ya buga wasannin fitar da gwani na 1987 da karyayyen ƙashi a ƙafa, bai sake komawa yadda yake ba. Grant Hill ya buga na 2000 da ciwon idon sawu har ƙashin ya karye, ya koma Orlando, a shekara huɗu ya buga wasa 47 kacal. Kevin Durant ya dawo a wasan ƙarshe na 2019 bayan ciwon sharaɓa, a daidai lokacin da ake ta raɗe-raɗin ko yana da zuciya, bai kai rabin wasa ba agararsa ta tsinke, ya rasa kaka guda cur. Masu kirari sun tafa, sun koma gida sun yi barci. Wa ya kwana a asibiti?

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda yake shakkar haka ya dubi Isaiah Thomas na Celtics, takwaran wancan na Pistons. Tsawonsa santimita 175 ne a cikin wasan ƙattai, shi ne kuma na 60, wato na ƙarshe, a zaɓen 2011. A kakar 2016 zuwa 2017 yana cin kusan maki 29 a kowane wasa. Ana gobe ƙungiyarsa za ta fara wasannin fitar da gwani ƙanwarsa ta rasu a haɗarin mota, ya shiga fili da hawaye ya buga. Aka fige masa haƙori a tsakiyar wasa, ya ci gaba. Da ciwon kwatangwalo a jikinsa ya ci wa Wizards maki 53 a ranar da ta dace da zagayowar haihuwar marigayiyar, ya yi ta jan jikin nan har ya kai ƙungiyarsa gab da wasan ƙarshe, inda kwatangwalon ya ƙi ɗaukarsa. Duk abin da masu makokin mazan jiya suke cewa babu mai yi a yau, wannan bawan Allah ya yi shi a gaban idonsu, a lokacin da ya rage masa shekara guda ya sa hannu a kwantiragin da ake hasashen za ta haura dala miliyan 100. A watan Agustan 2017, wata uku bayan haka, Celtics ta yi musayarsa da Kyrie Irving ta tura shi Cavaliers. Kafin kakar ta ƙare an sake tura shi Lakers, aka yi masa tiyata, a 2018 kuma ya sa hannu da Nuggets a kan mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a ba mai shekarunsa a gasar, kimanin dala miliyan 2.