RA'AYINMU: Wa Zai Yi Wa Baƙinmu Renon 'Ya'ya A Yamai?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama aka koma makarantu, hankalin hukumomi da na 'yan jarida yakan tafi ne ga yaran firamare da na sakandare: azuzuwa nawa aka gina, malamai nawa aka ɗauka, littattafai sun iso ko ba su iso ba. Amma akwai yaran da ba a cika tunawa da su ba, wato jarirai da waɗanda ba su kai shekara 6 ba, waɗanda iyayensu mata ke fita neman abinci tun da sassafe, ba su dawowa sai rana ta faɗi. A cikinsu kuma akwai waɗanda matsalarsu ta ninka ta kowa, su ne 'ya'yan baƙin da ke zaune tare da mu a birnin Yamai, waɗanda suka fito daga ƙasashe masu amfani da Ingilishi, musamman Najeriya da Ghana. A kan halin da suke ciki ne muke son yin tsokaci a yau.

Sanin kowa ne cewa waɗannan bayin Allah ba jiya suka zo ba. Duk wanda ya taɓa neman kayan gyaran mota ko na babur a garin nan ya san shagunan 'yan kabilar Ibo. Duk matar da ta taɓa haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki ta san Yarabawan kasuwa. Akwai masu kitso da gyaran gashi, teloli, makanikai, malaman Ingilishi da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Wasu iyayensu ne suka zo, wasu kuma sun shigo ne albarkacin yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a da ƙungiyar CEDEAO ta amince da ita a 1979. Suna biyan kuɗin haya, suna biyan haraji, da yawa daga cikin 'ya'yansu kuma a nan aka yanke musu cibiya.

To, me ya bambanta su da 'yan gari a batun reno? Abu na farko shi ne dangi. Idan 'yar gari za ta fita aiki, tana da kaka, tana da gwaggo ko inna, tana da abokiyar zama ko maƙwabciyar da suka yi shekara da shekaru suna cuɗanya. Baƙuwa ba ta da ko ɗaya. A da, idan ta haihu takan aika gida a turo mata uwa ko ƙanwa ta zo ta yi mata 'yan watanni. Wannan hanya ta yi wuya a 'yan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Daga bisani Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO a watan Janairun 2025. Ko da hanya a buɗe take, tsadar mota da fargabar tsaro sun sa tsohuwa 'yar shekara 60 sai ta yi dogon tunani kafin ta taso daga Ibadan ko Kumasi domin ta zo wankan jego.

Abu na biyu shi ne harshe. Yamai gari ne da ake karatu da rubuta takardu da Faransanci, a titi kuma a yi Zabarmanci da Hausa. Bakano ko Basakkwace da ya zo nan ba ya jin baƙunta, domin Hausarsa ta ishe shi. Amma wadda ta fito daga kudancin Najeriya ko Ghana, mai yiwuwa ta iya Hausar ciniki, ta faɗi farashi ta karɓi canji, sai dai wannan ba za ta ishe ta ta bayyana wa mai reno cewa ɗanta yana da ciwon sikila ba, ko cewa wannan magani rabin cokali ake ba shi bayan ya ci abinci. Haka kuma ba za ta iya karanta takardar da aka miƙo mata ta sa hannu ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Akwai kuma giɓin da ya shafi kowace uwa mai aiki, baƙuwa ko 'yar ƙasa. Dokar ƙwadago ta 2012 ta bai wa ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, wanda 8 daga ciki bayan haihuwa ne, sannan ta ba ta damar shayarwa ta awa 1 a rana har tsawon wata 12. Dokar tsarin ilimi ta 1998 kuwa ta tanadi karatun share fage, wanda aka fi sani da jardan, ga yara 'yan shekara 3 zuwa 5. Abin tambaya a nan shi ne, daga wata 2 zuwa shekara 3, a hannun wa yaro zai zauna? Wannan ma ga mai albashi ke nan. Ita mai shago ko mai kitso ba ta da wani hutu, ranar da ba ta fita ba, ranar ba a ɗora tukunya ba.

Idan muka duba zaɓin da ke gaban irin waɗannan iyalai, za mu ga bai wuce huɗu ba. Na farko, makarantun ƙasa da ƙasa masu koyarwa da Ingilishi, waɗanda tun asali an kafa su ne domin 'ya'yan ma'aikatan jakadanci da na manyan ƙungiyoyi. Kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan kasuwar Katako ko Wadata, ko da zai sayar da shagon gaba ɗaya. Na biyu, jardan masu zaman kansu da suka yawaita a unguwanni. Daga cikinsu akwai nagari, akwai kuma waɗanda suka rubuta a allon ƙofa cewa suna koyarwa da harsuna biyu, alhali Ingilishin bai wuce waƙar ƙirga 1 zuwa 10 ba, an dai yi amfani da sunan ne domin a ƙara kuɗi. Yawancinsu kuma ba su karɓar jarirai, kuma suna tashi tun kafin kasuwa ta watse.

Na uku, ɗakunan reno na cikin gida. Wata mata ce za ta ware ɗaki guda a gidan haya, ko a harabar wurin ibada, ta riƙa karɓar yaran 'yan ƙasarsu. Iyaye sun fi sakewa da irin wannan wuri saboda ana jin harshensu, ana dafa abincin da suka saba da shi, kuma akwai sauƙin kuɗi. Ba mu raina ƙoƙarin waɗannan mata ba, domin sun toshe ɓarakar da hukuma ta bari. Sai dai da yawansu ba su cikin rajistar kowa, ba wanda ke zuwa ya ga yara nawa ke cikin ɗakin, ina ake ajiye kwalbar gas, ko akwai wata ƙofar fita idan wani abu ya faru.

Na huɗu, wanda ya fi yawa kuma ya fi tayar mana da hankali, shi ne ɗaukar 'yar aiki. Sau tari yarinya ce ƙarama da ta shigo birni daga ƙauye bayan an gama girbi, ba ta jin harshen uwar ɗakinta, uwar ɗakin ba ta jin nata, sai magana da hannu. A miƙa wa 'yar shekara 11 jaririn wata 6, a rufe musu ƙofa tun safe har magariba. Yaro ke nan ke renon yaro. Dokar ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, kuma mafi ƙarancin albashin da hukuma ta tsayar a ƙasar nan sefa 42,000 ne, amma kowa ya san abin da ake bai wa waɗannan yara bai kama ƙafar haka ba. Da zarar ruwan farko ya sauka kuma, za ta ɗaure kayanta ta koma gona. Mun ji koken wata mai gyaran gashi da ta kira a wani shirin rediyo, ta ce haka 'yar aikinta ta tafi ba sallama, dole ta riƙa goya jaririnta ɗan wata 8 zuwa shago, yana wuni cikin warin man gashi da zafin na'urar busarwa. Irinta suna da yawa.

Wanda yake ganin mun cika zuzuta lamarin, ya tuna ranar 13 ga Afrilun 2021, lokacin da gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas a nan Yamai, ta halaka yara aƙalla 20, akasarinsu 'yan jardan da ba su san yadda za su gudu ba. Ya kuma tuna ranar 8 ga Nuwamban shekarar, da irin wannan masifa ta afka wa Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Bayan nan ne gwamnatin wancan lokaci ta haramta sa 'yan jardan a azuzuwan zana. Waɗannan fa makarantu ne da hukuma ta san da zamansu, kuma da rana tsaka abin ya faru. To, ina ga ɗakin da ba wanda ya san da shi sai iyayen da suka kai 'ya'yansu?

Saboda haka muna jan hankalin iyaye da farko. Mun fahimci damuwarku cewa wata rana yaro zai koma gida ya shiga makarantar Ingilishi, kuma ba ku son a bar shi a baya. Amma ɗan shekara 2 ya fi buƙatar amintaccen hannu, ruwa mai tsabta da inuwa a kan kowane harshe. Ingilishi zai same shi a bakinku a gida. Idan ya tashi yana jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci a kan nasa, ya samu jarin da ku kanku kuke biyan tafinta saboda rashinsa. Kafin ku bar yaro a ko'ina, ku je da ƙafarku, domin zuwa da kai ya fi aike, kuma ku je a lokacin da ba a sa ranku ba. Ku ƙirga yara, ku ƙirga manyan da ke kula da su. Ku dubi ƙofofi da wurin girki da makewayi. Ku tambaya ko akwai gidan sauro domin barcin rana, musamman daga Agusta zuwa Oktoba da zazzaɓin cizon sauro ke tsananta, da kuma yadda ake yi da yara a zafin Afrilu da Mayu idan wuta ta ɗauke. Ku tambaya ko ana neman katin rigakafi kafin a karɓi yaro, da kuma asibitin da ake kai shi idan ya faɗi ciwo. Ku nemi a nuna muku takardar izini, ku tafi da wanda zai karanta muku ita. Idan kuwa mai reno za ku ɗauka a gida, ku ɗauki babbar mace, ku san danginta da inda take kwana, ku biya ta haƙƙinta. Araha ba ta ado.

Sai kuma ƙungiyoyin baƙin da shugabanninsu. Kuna haɗa kuɗi domin biki da kai gawa gida, wannan abu ne mai kyau. Me zai hana iyalai 10 ko 15 su haɗa hannu su kama gida mai tsakar gida, su ɗauki mata biyu ko uku da suka samu horo, ɗaya mai jin Ingilishi, sauran 'yan gari, sannan su yi masa rajista? Ofisoshin jakadancin ƙasashenku na iya tsaya muku wajen cika takardu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babban nauyin dai yana wuyan hukuma. Muna kira da babbar murya ga ma'aikatar ilimi, da wadda ke kula da kare yara, da hukumomin gundumomi 5 na birnin Yamai, da su ƙididdige duk gidajen reno da jardan da ke aiki a garin nan, masu izini da marasa izini. A sauƙaƙa rajista, a rage kuɗinta, a bai wa masu ɗakunan reno wa'adin gyara da horo a kan agajin farko, domin idan aka fara da barazanar rufewa, ɓuya za su yi, yaran kuma su ƙara shiga haɗari. Sannan a buga jerin wuraren da aka amince da su, a manna a ofisoshin gundumomi da asibitocin haihuwa, a kuma karanta a gidajen rediyo. A yi shi da Hausa da Faransanci da Ingilishi. Wannan ba wata alfarma ba ce, tunda kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ya kamata talaka ya ga amfanin wannan doka a takardar da ta shafi ɗansa. Haka kuma duk kasuwar da za a gina ko a gyara nan gaba, a ware mata ɗakin reno, kamar yadda ake ware masallaci da makewayi.

Mun san akwai masu cewa namu 'ya'yan ma ba su samu ba, ina ruwanmu da na baƙi? Amsarmu ita ce, babu ko ɗaya daga cikin matakan da muka zayyana da zai amfani baƙo shi kaɗai. Malamar makaranta 'yar Talaje da ma'aikaciyar jinya 'yar Bukoki su ne za su fara cin moriyar gidan reno mai rajista, yarinyar ƙauyen da ake ɗora wa renon jariri kuma tamu ce. Ban da haka, kada mu manta da dubban 'yan Nijar da ke zaune da iyalansu a Legas da Kano da Accra da Kumasi, waɗanda su ma a can baƙi ne, matansu na fama da irin wannan matsala a cikin harshen da ba su iya ba. Yadda muke so a riƙe mana namu, haka ya kamata mu riƙe na wasu.

Ɗa na kowa ne. Kada mu jira sai wata masifa ta auku a wani ɗakin da ba a san da shi ba, sannan a kafa kwamitin bincike a aika da saƙon ta'aziyya. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya raya mana zuri'a, namu da na baƙinmu, Ya kuma bai wa shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu.