Malam ya yabe ta, Turanci ya kushe ta

Ranar Asabar 'yar maƙwabcina ta shigo da ambulan a hannu, ta durƙusa ta gaishe ni. "Baba, malaminmu ne ya rubuta mini takardar shaida, zan nemi tallafin karatu a Ingila. Ka duba mini." Na sa tabarau. A layi na uku malamin ya ce yarinyar *shy* ce, *quiet* ce, kuma *obedient*. Na san abin da ke ransa: mai kunya, mai natsuwa, mai biyayya. In da da Hausa ya faɗa, ai ya gama yabo, har masu neman aure sai sun yi layi. Amma wanda zai karanta a can, abin da zai hango shi ne yarinya mai noƙe-noƙe, wadda ba ta buɗe baki a aji sai an tsikare ta.

Ban ga laifin malam sosai ba. Haka aka koya mana: kalma a hagun allo, fassararta a dama, mu haddace, mu ci jarrabawa. Ba wanda ya gaya mana nauyin kowace a kunnen masu harshen.

Kuma kalmomin da yawa suke. A 1936 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Gordon Allport da Henry Odbert, sun tsefe ƙamus suka fito da kalmomi kusan 18,000 masu siffanta mutum. Duk da wannan tulin, nemo mini guda ɗaya da ta ɗauke kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Baturen nan Anthony Kirk-Greene, da ya yi aiki a Arewa, ya fitar da nazari a 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye goma, ciki har da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci. Sai da ya zauna ya yi wa kowanne bayani.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne. A takardar neman aiki, *ambitious* yabo ne. Mu kuwa, a ce yaro mai dogon buri ne, an soke shi ke nan. Abin dariya, kalmar *ambitious* asalinta daga Latin ne, tana nufin zagayen da 'yan takara ke yi a birnin Rum suna roƙon ƙuri'a. Su ma Turawan sun daɗe suna yi mata kallon aibi kafin su wanke ta. *Confident* kuma, in ba a yi hankali ba, dattijon unguwa rawar kai zai kira shi.

Na ɗauki fensir na ja layi ƙarƙashin kalmomin uku. A gefe na rubuta *thoughtful*, *respectful*, *dependable*. Na ƙara da cewa malam ya ambaci yadda take tara ƙannenta da yaran layi bayan la'asar tana koya musu lissafi, domin wannan ya fi kowace siffa ƙarfi a idon masu tantancewa.

"Ki mayar masa ya gyara," na ce.

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. "Baba, wallahi kunyarsa nake ji. Ko kai za ka kai masa?"